Taubashi, Mu'azu Ya Fasa Maka Rumbu

Taubashi, gaisuwa irin ta wanda ya fi ka hankali. Ina Kawu? Ina matarmu? Ka faɗa mata ina nan kan bakana: duk ranar da ta gaji da zama da mutumin da ke hira da kwamfuta har kiran assalatu, ƙofata a buɗe take. Ita ce kaɗai ƙofar da na yarda a bari a buɗe a cikin wannan wasiƙa.

Na so in rufa maka asiri. Amma tun ranar sunan nan da muka haɗu a Duza, da ka sauko daga babur da jakar kwamfuta a baya kamar mai tallar maganin basir, kana gyara wa duk wanda ya kira sunanka cewa ya sa "Injiniya" a gaba, na san rufin asirinka ya fi ƙarfina. Ka tara dattawa a gindin bishiya kana nuna musu manhajar da ka rubuta wa ƙungiyar adashin 'yan kasuwar hatsi. Kowa da sunansa, da lambar wayarsa, da unguwarsu, da abin da ya zuba, da ranar da zai kwasa. Wani tsoho ya ce ashe Gummi ma ta fara haihuwar Turawa. Kanka ya kumbura har hular ta fara neman sauka. Sai ka miƙo mini wayar da hannunka, gaban shaidu, ka ce, "Kai bawa, gwada ka ga aikin iyayen gidanka." Ina nanata cewa kai ka miƙo, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ba ta san taubasantaka ba. Wanda ya shiga manhajar wani ba da izini ba ya yi laifi, ko da kakarsu ɗaya.

Ban wahala ba. A wurin kalmar sirrin shugaba na rubuta sunan garinku, na bi shi da 123, ƙofa ta buɗe. Kada ka ji kunya da yawa, kana da manyan abokan tafiya. Kamfanin SolarWinds na Amurka, wanda ma'aikatun gwamnatin ƙasar ke amfani da manhajarsa, an taɓa samun wata na'urarsa da kalmar sirri "solarwinds123". Da majalisa ta tsare shugabanninsa a watan Fabrairun 2021, suka ɗora laifin kan wani yaro mai koyon aiki. Su sun sami wanda za su ɗora wa. Kai ne shugaba, kai ne mai koyon aikin, kai ne masinja, sai dai ka ɗora wa baburinka.

Abin da ya sa na ɗauki biro, shi ne maganar Mu'azu.

Ka tuna wani ɗan kasuwa ya yi maka ƙorafi a wurin cewa duk lokacin da aka zo shigar da sunan ƙanensa Mu'azu, manhajar sai ta sume, ta fito da wani dogon rubutu ja? Ka tuna amsar da ka ba shi? "Ku bar sa wanga ɗan waƙafi na sama, ku rubuta Muazu kawai." Dattawa suka gyaɗa kai, Injiniya ya yi magana. Wato maimakon ka gyara manhajarka, ka gyara sunan da aka yanka wa rago. Da an bar ka, kafin damina ka gama da Sa'adu da Rabi'u da Isma'ila da Asma'u da Shu'aibu, ka shafe alhamza daga ƙasar Zamfara gaba ɗaya don harshen PHP da ka rubuta manhajar da shi ya samu barci.

To zauna in karantar da kai kyauta. Lokacin da aka rubuta suna a akwatin nan, manhajarka tana ɗaukarsa ta manna shi a tsakiyar umarnin da za ta aika wa rumbun bayanai, da harshen da ake kira SQL. A wannan harshe, ana tsare suna ne tsakanin waƙafin sama guda biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, kamar yadda ake ɗaure bakin buhu. Da rumbun ya zo kan Mu'azu, sai ya karanta "Mu", ya ga waƙafi, ya ɗauka an ɗaure buhu. Abin da ya saura, "azu", sai ya karɓe shi a matsayin umarni daga gare ka. Bai san wani umarni mai suna azu ba, shi ya sa ya sume. Mu'azu bawan Allah ne, ba ya nufin kowa da sharri. Yanzu ka ƙaddara wani ya zo wanda ya san abin da yake yi, ya buga waƙafin nan da gangan, ya bi shi da umarni na gaske: a kawo sunayen kowa da abin da ya tara, ko a bar shi ya shiga ba kalmar sirri, ko a goge littafin baki ɗaya. Rumbun ba zai tambaya ba, don a wurinsa muryarka ya ji. Ka ba baƙo dama ya yi magana da bakin maigida.

Wannan rami ba sabo ba ne. An yi bayaninsa a fili tun watan Disambar 1998 a wata mujallar masu kutse da ake kira Phrack, lokacin kana yawo ba wando a bakin Gulbin Zamfara. A watan Oktobar 2015 ta nan aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila, aka kwashe bayanan mutum kusan 157,000, hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000. Cikin waɗanda 'yan sanda suka kama har da yara 'yan shekara 15 da 16. Maganin kuwa bai kai kuɗin shayi ba. Ka aika umarni daban, da gurbi a cikinsa, ka aika sunan daban, yadda rumbun zai san wannan magana ce, wancan kaya ne, kome aka rubuta a ciki. PHP ɗin da kake taƙama da shi yana da wannan hanya a cikinsa, ana kiranta PDO, layi uku ne ko huɗu. Ranar da ka yi haka Mu'azu zai samu alhamzarsa, ɓarawo kuma zai ga umarninsa ya zauna a littafi a matsayin wani suna marar daɗin ji.

Ni kam har tausayin Turawa nake ji a nan. Su sai an yi sa'a wani mutumin Ailan mai waƙafi a sunansa ya zo kafin su gane akwai ɓaraka. Mu Allah Ya ba mu masu gwaji kyauta, kowane gida akwai Sa'a ko Nafi'u. Manhajarka ta yi ta ihu tana nuna maka inda bango ya tsage, kai kuma ka kama ƙadangaren kana yi masa faɗa.

Sai rasit. Na buɗe rasit ɗin da ka nuna mini, na ga adireshin shafin ya ƙare da 214. Na goge 4 na sa 5. Sai ga rasit ɗin wani mutum daban, da sunansa, da abin da ya zuba. Na sa 216, ga na wata hajiya. Ka ce ai ba wanda zai yi tunanin taɓa lambar. Taubashi, ni fa da kake kira bawa na yi tunanin, ina riƙe da ƙashin rago a ɗaya hannun. Manhajarka tana tambayar mutum ko shi ɗan ƙungiya ne a bakin zaure, daga nan ba ta ƙara tambayarsa komai. Ya shiga ɗakin amarya, ya shiga na uwargida, ya buɗe rumbu, duk ɗaya. A gidan Kawu ma ba a haka: almajirin da aka sani a zaure ba shi da hurumin ɗaga labulen ɗaki. Duk buƙatar da ta zo, sai uwar garke, wato na'urar da ke riƙe da rumbun, ta duba abu biyu, wane ne wannan, kuma abin da yake nema nasa ne? Ɓoye maɓalli a fuskar waya ba tsaro ba ne, tun da mai kutse ba ta fuskar wayar yake bi ba. A watan Mayun 2019 ɗan jaridar nan Brian Krebs ya fallasa cewa kamfanin inshora na First American ya bar takardu kusan miliyan 885 a irin wannan hali, canja lamba ɗaya kawai ake yi a ga takardar wani. Ƙungiyar OWASP, wadda ke fitar da jerin manyan ramuka goma na manhajojin intanet tun 2003, wannan ramin ta sa a na ɗaya a jerinta na 2021. Ka ga ko a shirme ba ka yarda ka zo na biyu ba.

Da na nuna maka, sai ka yi dariyar nan taka ta wanda aka kama da hannu a tukunya, ka ce, "Wa za ya kula da mu 'yan Gummi? Mi ag gare mu da za a sata?"

A nan zan ajiye wasa in ɗan yi maka magana ta jini ɗaya. Masu laluben ramuka ba sa duba taswira. Na'urori ne ke zagaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, ba su san bambancin Gummi da Landan ba. Wannan ma da sauƙi. Ka dubi abin da ke cikin littafinka, ka dubi inda muke zaune. Sunan mutum, ƙauyensu, lambar wayarsa, nawa ya tara, da ranar da zai karɓi kwasarsa ya hau hanyar Daki Takwas ko ta Bukkuyum ya nufi gida. A Legas wanda bayanansa suka fita yakan sha kiran 'yan damfara ne, su ce daga banki suke. A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum kai ka san wa ke sayen irin wannan labari, ka san kuma aikin da infoma ke yi. Mutanen da ba sa faɗa wa maƙwabci buhu nawa suka sayar, saboda tsoro, su ne suka miƙa maka komai don kai ɗan gidan Kawu ne. Sunan unguwa da ranar kwasa ma me ya kai su shafin da kowa ke gani? Abin da ba ka tara ba, ba a sace shi a hannunka. Rage abin da kake tambaya, ka rage masu ganin abin da ya rage.

Kada kuma ka ce ai bayanan 'yan Nijeriya sun riga sun zama gyaɗar kasuwa. Na san a watan Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wani shafi mai suna AnyVerify yana sayar da bayanan mutane, har da na lambar NIN, a kan naira 100, hukumar NIMC kuma ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ta ina ruwan ya yoyo, wannan bai ba ka lasisin huda taka randar ba. Akwai doka ma yanzu. Tun watan Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC. Idan bayanan da ke hannunka suka fita ta yadda za su cutar da masu su, awa 72 gare ka ka sanar da hukumar. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai irinka tana iya kaiwa naira miliyan 2. Na yi lissafi, ko an haɗa baburin da kwamfutar da hular, sai Kawu ya sayar da sa.

Mu koma wasa, na ga idonka ya yi ja.

Kalmomin sirrin mutane ka jera su a rumbu yadda suka rubuta su, kamar sunayen 'yan aji. Rabin 'yan kasuwar nan kuwa da lamba ɗaya suke buɗe wayarsu da asusun bankinsu da manhajarka. A 2009 kamfanin RockYou ya yi irin wannan ajiya, aka kwashe kalmomin sirri miliyan 32, har yau masu kutse da wannan jerin suke gwada ƙofofin mutane. Kalmar sirri niƙa ta ake yi kafin a ajiye, da abin niƙa irin bcrypt ko Argon2, a barbaɗa wa kowace gishirinta daban. Gari ba ya komawa gero. Idan mutum ya zo shiga, a niƙa abin da ya kawo a gwada da garin da ke ajiye. Kai kanka bai kamata ka iya karanta kalmar sirrin kowa ba, ballantana ni. Makullin da kamfanin tura saƙon tes ya ba ka kuwa, ka rubuta shi a cikin umarnin manhajar, ka ɗora a shafin GitHub a fili don masu ɗaukar aiki su ga ƙwazonka. Sun gani, har da waɗanda ba aiki suke ɗauka ba. Kamfanin Uber ta hanyar makullin da aka tsinta a GitHub aka kwashe masa bayanan mutum miliyan 57 a 2016, ya biya ɓarayin dala 100,000 don su yi shiru, daga baya kotu ta kama shugaban tsaronsa da laifin ɓoyewa. Goge layin yau ba zai wadatar ba, GitHub yana riƙe da tarihin duk abin da aka taɓa ɗorawa. A soke makullin, a karɓi sabo.

Na tambaye ka kashi nawa na manhajar ka rubuta da hannunka, ka ce "duka", sannan ka sosa ƙeya. Na leƙa na ga tarin kayan aro, ɗaurin umarni fiye da yadda zan ƙirga, wasu ba a sabunta su ba tun ranar da ka sauke, wasu ChatGPT ne ya ce ka sa, ka sa. Aro ba laifi ba ne, duk duniya da shi ake gini. Amma kana tsaye a Duza ka yi mini wannan magana, shi ya sa jikina ya yi sanyi. Mu ba sai an ba mu labari ba. A 2010 duwatsun da ake kawowa daga ramukan zinariya aka riƙa shigo da su cikin gidaje, ana daka su a turmi, ana niƙa su a injin niƙa, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Kowa zinariyar yake gani, ba wanda ya ga dalmar da ke cikin dutsen. Yara fiye da 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu Ya sa masu ceto ne. Sai da likitocin MSF suka zo, sai da aka bi Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da 'Yargalma da Tungar Guru gida gida ana kankare ƙasar sama ana zuba sabuwa, Bagega kuma sai 2013 aka kai gare ta. Ba ina haɗa ran yaro da manhaja ba ne, Allah Ya kiyaye. Ina cewa ne ɗan wannan ƙasa bai kamata a koya masa tambayar me ke cikin abin da ya shigo da shi gida ba.

Kamfanin Equifax ya yi amfani da wani kayan aro mai suna Apache Struts. An fitar da facinsa a watan Maris 2017, ba su liƙa ba, kafin ƙarshen watan Yuli an kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Faci fa, Taubashi, irin wanda kake tsayawa a yi wa tayar baburinka ba tare da an roƙe ka ba. Akwai kuma wanda ya fi wannan ban tsoro. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa mai kula da wata 'yar manhaja da ake kira xz, wadda ke cikin kwamfutocin Linux na duniya, yana gyara nan yana share can, har aka yarda da shi aka ba shi makulli. Sannan ya dasa ƙofar baya. Abin da ya tona shi a ƙarshen Maris 2024, wani injiniyan Microsoft ne, Andres Freund, ya lura shiga wata na'ura ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa, ya ƙi barin maganar. Da na karanta labarin sai na tuna yadda kakanninmu suka ba Gobirawa masauki, suka ba su wurin zama a Alkalawa, kafin tsakiyar ƙarni na 18 ta wuce Babari ya ci Birnin Zamfara, sarautar ta yi ta yawo har ta zo ta zauna a Anka. Mu Zamfarawa mun daɗe da sanin wannan darasi, kai ne dai ranar da aka koyar kana kasuwa.

Abu ɗaya zan yaba maka, kada ka ce ban taɓa ba. Ka sa manhajar tana aiki ko babu sabis, ta ajiye komai a waya sai netwok ya dawo ta tura. Wanda ya ga watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara kusan wata uku, mutane na tafiya har Sakkwato ko Funtuwa don su buga waya ɗaya, ya san wannan dabara ce ta mai hankali. Na yi mamakin inda ka samo ta. Sai dai ka ajiye littafin duka a wayar sakataren ƙungiya a buɗe, ba a sirranta shi ba, wayar kuma ko makullin fuska babu, yaransa na kallon fim da ita. Ranar da ta faɗi a kasuwa, ko aka tare hanya aka karɓe ta, mai ita ya yi asarar waya, sauran mutum ɗari biyu da wani abu sun yi asarar sirrinsu. Android tana da wurin ajiyar makulli da aka gina don wannan aiki. Ka sirranta abin da ke waya, ka bar mata na ranar kawai, ka sa manhajar ta kulle kanta idan an ajiye ta.

Kai da ke ɗaure akuyarka da igiya biyu, kana sa wa babur kwaɗo a taya da sarƙa a ƙafa, kana kwana da makullin shago a ƙarƙashin matashi, har matarmu na cewa ya fi ta kusa da kai!

Ga sharaɗina. Bayan an gama girbi zan shigo Gummi gaida Kawu. Za ka miƙo mini wayar nan da hannunka kamar wancan karo, gaban shaidu. Zan rubuta Mu'azu da alhamzarsa, zan mayar da 214 ta koma 215, zan gwada sunan garinku da 123, har da 1234 don na san iyakar dabararka. Idan duka suka ƙi buɗewa, zan kira ka Injiniya sau uku da ƙarfi a ƙofar gida, yara su ji. Idan ɗaya ta buɗe, hular tawa ce. Kuɗin sharar da muke ja-in-ja a kai shekara uku kuwa, tun da ka dage kai ne ubangida, ubangida shi ke biya. Ka kawo su a hannu, lakadan. Ba zan karɓa ta manhajarka ba.